Mai Gadin Da Bai San Sunanmu Ba

A zamanin da ake cike fom da biro, akwai mutum zaune a bayan tebur. Idan ka miƙa masa takarda ya ga wurin da bai gane ba, zai ɗago kai ya tambaye ka. Idan gurbin suna ya yi maka kaɗan, sai ka ƙarasa a gefe, babu mai ce maka uffan. Idan ba ka san ranar da aka haife ka ba, ka ce shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira ce, akawu ya yi ɗan lissafinsa ya rubuta 1973. To yau an ɗauke wannan akawu, an ajiye fom na intanet a gurbinsa, kuma neman makaranta da neman aiki da buɗe asusun banki da neman fasfo duk ta wannan ƙofa ake bi. Ni kuwa, mai karatu, gina irin waɗannan ƙofofi ita ce sana'ata, ga ƙananan makarantu da ƙungiyoyi da 'yan kasuwa, kuma daɗewar da na yi a cikinta ta sa na daina kallon fom a matsayin akwatunan da aka jera a shafi. Mai gadi ne. Duk abin da maginin shafin ya raɗa masa a kunne ranar da ya ajiye shi, shi zai yi ta aiwatarwa dare da rana, ba ya jin magiya, ba ya jin bari.

Bari in fara da abin da ke faruwa idan ka latsa maɓallin aikawa, don sauran zancen ya zauna. Abin da ka rubuta, burauzar da ke wayarka ko kwamfutarka za ta ƙunshe shi ta aika wa wata babbar kwamfuta da ake kira uwar garke. A can wata manhaja za ta kwance ƙunshin, ta duba, sannan ta zuba shi a rumbun adana bayanai. Tsarin ba sabo ba ne, tun 1993 burauzar Mosaic ta fara nuna fom, kuma a 1995 aka sa shi cikin ƙa'idar HTML ta biyu. An yi ta canza masa riga, amma gangar jikin tana nan.

Darasin farko da ake koya wa duk mai shiga wannan aiki shi ne kada ya yarda da duk abin da ya shigo ta fom. Kuma gaskiya ce tsagwaronta. Binciken da shafi ke yi a gabanka, irin wanda gurbi zai yi ja ya ce lambar waya ba ta cika ba, don sauƙaƙa maka ne kawai, ba tsaro ba ne. Wanda ya san kan abin yana iya tsallake shafin gaba ɗaya ya aika wa uwar garke abin da ya ga dama kai tsaye. Saboda haka dole a sake bincike a can ciki. Ban taɓa jayayya da wannan darasi ba. Abin da nake jayayya da shi shi ne yadda da yawa daga cikinmu suka fahimce shi, wato suka ɗauka rashin yarda da saƙo daidai yake da ƙin mai saƙon. Kuma babu inda wannan gurguwar fahimta ta fi cizon Bahaushe kamar a kan ɗan waƙafin nan na sama, alamar alhamza.

Ga yadda abin yake. Yaren da manhaja ke magana da rumbun bayanai da shi, wanda ake kira SQL, yana amfani da wannan alama wajen nuna inda kalma ta fara da inda ta ƙare. Idan ana neman Musa, manhaja za ta ce wa rumbu: nemo mini mai suna 'Musa'. Lafiya lau. Amma da zarar Sa'adu ya zo, sai jimlar ta zama: nemo mini mai suna 'Sa'adu'. Rumbu ba ya da hankali, sai ya ga alama ta buɗe kafin Sa, ta rufe bayan Sa, ya ɗauka sunan ya ƙare ke nan, ragowar "adu" kuma wani sabon umarni ne da bai taɓa ji ba. Sai shafi ya ruguje. Wannan ita ce fuskar da ba ta da illa sosai. Ɗaya fuskar ita ce, idan alhamza za ta iya rufe suna ta buɗe ƙofar umarni, to ɗan dandatsa zai iya rubuta ta da gangan a gurbin suna, ya biyo ta da nasa umarnin, ya ce a kwaso masa duk abin da ke rumbun ko a share shi. Tun a 1998 aka yi bayanin wannan dabara a fili a mujallar Phrack ta masu kutse, amma shekara 17 bayan nan, a 2015, da ita aka fasa kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila aka taɓa bayanan mutum kusan dubu 157, har hukuma ta ci kamfanin tarar fam dubu 400 a 2016. Ka ga ke nan tsoron ba na banza ba ne.

To amma me malalacin magini yake yi da wannan tsoro? Sai ya ce wa mai gadinsa, duk wanda ya zo da alhamza a sunansa ka kore shi. Daga A zuwa Z kawai aka yarda. Shi ke nan ya yi barci da munshari. Ka tsaya ka lissafa su wa aka kora: Sa'adatu da Sa'idu da Ma'aruf da Isma'ila da Asma'u da Rabi'u da Shu'aibu da Mu'azu da Ya'u da Rufa'i. Da a ce Malam Sa'adu Zungur zai dawo duniya, wannan fom zai ce masa sunansa ba daidai ba ne. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 2007 zuwa 2010, har guda biyu gare shi a suna ɗaya. Kuma ba mu kaɗai ba ne, mutanen Ayilan masu O'Brien da Faransawa da Italiyawa masu irin wannan alama sun daɗe suna kuka da abin. Bambancin kawai su suna da bakin da za a ji, mu kuwa sai mu share alhamzar mu ci gaba, muna ganin laifin namu ne da ba mu iya kwamfuta ba.

Akwai wani magani da aka taɓa gwadawa wanda har yanzu nake cin karo da tabonsa. Yaren PHP, wanda da shi aka gina galibin ƙananan shafukanmu, ya taɓa zuwa da wani tsari da ke saka karkataccen layi a gaban kowace alhamza da kansa, wai don kariya. Sai ka ga an buga takardar shaida da suna Sa\'adu, wani lokaci ma idan an gyara bayanin sau biyu layukan su yi ta haihuwa, su zama uku ko bakwai. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin bai hana kutse yadda ya kamata ba, ya kuma ɓata sunaye. A 2012 masu PHP suka cire shi ɗungurungum, amma sunayen da ya lalata suna nan kwance a tsofaffin rumbuna.

Maganin gaskiya kuwa tsoho ne, kuma ba shi da wuya. Ka tuna masu rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya? Tsohuwa za ta zauna tana faɗa, shi yana rubutawa. Idan a cikin saƙon ta ce a gaya wa ɗanta "ka yaga wannan takarda idan ka karanta", mai rubutun ba zai yaga takardar da ke hannunsa ba, zai rubuta kalmomin ne, don ya san bambancin maganar da ake yi masa da maganar da ake ba shi ya ɗauka. Haka ake so manhaja ta yi. A fara aika wa rumbu umarni shi kaɗai, da gurbi a buɗe, a ce: zan ba ka suna, ka nemo mai shi. Sannan a aika sunan daban. Ko me ke cikinsa, alhamza ce ko umarnin ɗan dandatsa, rumbu zai ɗauke shi a matsayin rubutu kawai. Kusan kowane yaren gina manhaja yana da wannan hanya a shirye, kuma ba ta fi layi biyu ko uku ba. Saboda haka duk fom ɗin da ya ƙi sunan Asma'u, ni a wurina ya tona wa kansa asiri ne, ya nuna mai shi yana tsoron alhamza domin bai rufe ramin da take faɗawa ba. Ɓarawo zai nemi wata taga, Asma'u ce kawai za ta tsaya a waje.

Kada mai karatu ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, a cire alama a wuce. Wata shekara wata ƙungiyar mata masu sana'ar gyaɗa ta kira ni in duba musu jerin sunayen mambobinsu, domin an yi musu alkawarin rance mai sauƙi, an biya wasu, wasu kuma an dawo da sunayensu wai bayanai ba su dace ba. Da na jera takardun sai na ga abin da ya faru. Mace ɗaya, amma a rajistar ƙungiya an rubuta sunanta da alhamza, a fom ɗin masu ba da rancen an haɗe shi babu alama, a banki kuma wanda ya shigar da shi ya bar fili a tsakiya, sai na'ura ta ɗauka sunaye biyu ne, ta tura rabin zuwa gurbin suna na tsakiya. Babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya yi sata. Fom uku ne kowanne da dokarsa, manhajar da ke gwama su kuma tana neman harafi ya dace da harafi. Ɗaya daga cikinsu, dattijuwa ce, ta ce mini, "Ɗan nan, ni dai sunan da aka raɗa mini ranar suna ban canza shi ba, to wane ne ya canza?" Na ce, "Hajiya, ba ke ba ce." Sai da aka yi rantsuwar kotu da kuɗin mota zuwa birni sau biyu, kuma kafin a gama gyara lokacin sayen gyaɗa da araha ya wuce. Tun da aka fito da lambar BVN a 2014, aka kuma ce a haɗa lambar NIN da layukan waya a ƙarshen 2020, sunan mutum ya zama abin da na'urori ke gwamawa a tsakaninsu ba tare da an tambaye shi ba, don haka kowane ƙaramin fom da ya taɓa sunan yana iya zama sanadin wahalarsa a wani wuri can daban.

Sai kuma haruffanmu masu ƙugiya. Tun wajen shekarun 1930 aka zaunar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko, amma tsarin ASCII da Amurkawa suka fitar a 1963 gurbi 128 kawai gare shi, kuma babu namu a ciki. Waɗanda suka yi zamanin shiga kafe a biya kuɗin awa za su tuna yadda muka riƙa dabara, wani ya rubuta k' wani 'k, wani ya yi babban harafi a tsakiyar kalma, galibi kuma mu bar wa mai karatu ya gane da kansa ko kafa ake nufi ko ƙafa, ko an daka ko an shiga ɗaka. Wannan uzuri ya ƙare. Tsarin Unicode ya ba kowane harafinmu lambarsa, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu muke sa 'y, kuma hanyar UTF-8 da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992 ita ce yanzu kusan duk shafukan duniya ke bi. Amma sarƙa ce, sai kowace gaɓa ta yarda: shafin, da manhajar, da igiyar da ke tsakaninta da rumbu, da shi kansa rumbun. Gaɓa ɗaya ta tsaya a tsohon tsarin Turawan Yamma, sai ƙ ta koma Æ™, ko kuma ta zama alamar tambaya. Na farkon ana iya warkar da shi, domin bayanin yana nan, karatunsa ne ya karkace. Na biyun kuwa ya tafi ke nan, Ɗahiru ya zama ?ahiru har abada, sai dai a nemo shi a sake tambayarsa.

A nan akwai wata ƙa'ida da nake bi, kuma nakan yi musu da abokan aiki a kanta. Ka adana sunan mutum daidai yadda ya rubuta shi, amma wajen bincike ka sassauta. Wanda ya rubuta Ƙanƙara da wanda ya rubuta Kankara gari ɗaya suke nufi, ya kamata akwatin nema ya kawo su tare. Haka ita kanta alhamzar ba ɗaya ba ce a wurin na'ura, wadda kibod ɗin kwamfuta ke fitarwa miƙaƙƙiya ce, wadda wasu wayoyi ke sakawa da kansu lanƙwasasshiya ce, ido ba ya damuwa amma lambobinsu daban. Abokan musun nawa sukan ce ai ko fasfo ma, layukan nan biyu na ƙasa da na'ura ke karantawa ba sa ɗaukar alhamza ko ƙugiya. Haka ne. Amma wannan hujja ce ta a ajiye gurbi biyu, ɗaya na ainihin suna, ɗaya na siffar da na'urar waje ke buƙata, ba hujjar a yanke wa suna kunne tun daga bakin ƙofa ba.

Gurbin "sunan iyali" ma wata rigima ce da aka aro mana. Bahaushe sunansa da na mahaifinsa yake ɗauka, wani ya ƙara da na gari, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wa da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya, wannan ya sa sunan uba, wancan ya sa na kaka. Idan fom ya tilasta a raba, yau mutum zai sa wannan a gaba, gobe a wani fom ya juya. Inda doka ba ta tilasta ba, ni gurbi ɗaya nake yi mai faɗi, in ce rubuta cikakken sunanka yadda yake a katin shaidarka, sannan wani ƙarami in tambaya da wane suna za mu kira ka. Adireshi ma haka, mutumin da gidansa ke bayan masallacin Juma'a kusa da mai nama ba shi da lambar gida, idan ka matsa masa zai ƙirƙiro maka ita. Lambar waya kuma, ko ya fara da sifili ko da 234, ko ya bar fili a tsakani, aikin manhaja ne ta daidaita, kuma a ajiye ta a matsayin rubutu, don idan aka ajiye ta a matsayin adadi sifilin farko zai gudu. In shafin zai karɓi mutanen Maraɗi da Damagaram, a tuna tasu lambar guda 8 ce, ba 11 ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya bayan sunaye shi ne fom ɗin da aka gina a ofis mai intanet kamar ruwan famfo, aka manta da wanda zai cike shi a ƙauye da waya mai tsagaggen gilashi da data ta naira ɗari biyu. Yaro ya yi rabin awa yana cikewa, ya latsa, shafi ya dawo fari fat saboda kuskure a gurbi ɗaya, kuma ba a ma gaya masa wane gurbin ba ne. Ladabin aikin shi ne a dawo masa da duk abin da ya rubuta, a nuna masa wurin, a faɗa masa abin da ake so da harshen da zai gane. Sannan ga latsawa sau biyu. Sabis ya ja, abu yana ta juyawa, wa zai ga laifin wanda ya sake dannawa? Idan fom na biyan kuɗi ne, an cire masa sau biyu ke nan. Maganin shi ne kowane fom ya fita da wata lamba tasa ta musamman a ɓoye, idan uwar garke ta ga lambar ta dawo karo na biyu ta san saƙo ɗaya ne, kuma da zarar an karɓa a tura mutum wani shafi daban don ko ya sabunta shafin kada a sake aikawa. Hoton fasfo kuwa da ake cewa kada ya wuce kaza, ban ga dalilin da za a tura yaro kafe neman mai rage masa nauyin hoto ba alhali uwar garke za ta iya yi cikin ƙiftawar ido, bayan ta tabbatar hoton ne da gaske ba wata manhaja aka yi wa lulluɓi ba.

Irin wannan hattara ake bukata ranar da za a fito da bayanin a nuna shi a shafi. Abin da mutum ya rubuta yana iya ƙunsar umarnin da burauzar wani za ta aiwatar, kamar yadda wani matashi Samy Kamkar ya yi a MySpace a 2005, inda cikin ƙasa da kwana ɗaya abin ya yaɗu zuwa shafukan mutum sama da miliyan. Nan ma ba hana rubutu ne magani ba, a wurin fitarwa ake sauya alamomin masu haɗari zuwa siffar da burauza za ta nuna su kawai ba ta bi su ba.

Akwai kuma tambayar da nake yi wa duk wanda ya ba ni aiki, wadda ba kasafai suke jin daɗinta ba: wannan gurbin me za ku yi da shi? Makarantar Islamiyya tana neman lambar BVN ta uba, mai sayar da atamfa yana neman ranar haihuwa. Sai su ce ai haka suka gani a fom ɗin wasu. Duk abin da ka karɓa amana ce ta hau kanka, kuma tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da ta ce a karɓi abin da ake buƙata kawai. Abin da ba ka ajiye ba, ba a sace shi a hannunka.

Kafin in miƙa kowane aiki, akwai mutanen da nake sa su fara bi ta ƙofar, duk da cewa babu su a duniya. Akwai mai alhamza biyu a suna, akwai wanda sunansa ya fara da ita. Akwai mutumin Ɗambatta mai ƙugiya a babban harafi, da Banijariya mai ƴ da lamba 8. Akwai mai suna Ya'u, don wasu fom ba sa yarda suna ya gaza harafi biyar, da mai suna doguwar riga wanda ya haɗa nasa da na uba da na kaka da na gari. Akwai wanda ya rubuta nasa da ajami daga dama zuwa hagu. Na ƙarshensu shi ne ɓarawo, wanda ke rubuta umarnin share rumbu a gurbin suna. Shi ma ana karɓarsa a rubuta abin da ya faɗa harafi da harafi, sai in buɗe rumbun in same shi zaune a layinsa, a ƙarƙashin Ya'u, bai taɓa komai ba.